Durowar Kwana Uku

Shekara hamsin da ɗoriya mahaifina ya yi yana buga wa mutane takardu a barandar da ke kallon ƙofar kotu. Tebur ɗaya, kujerarsa, bencin masu jira, sai tafireta mai nauyin tsiya wadda kowace yamma yake naɗe ta a tsohon bargo ya kai ajiya shagon Mai Hatimi, abokinsa mai sassaƙa hatimin roba a ƙarshen barandar. Takardar rantsuwa, koke, neman aiki, canjin suna, duk aikinsa ne. Mutum ya zauna ya amayar da abin da ke cikinsa da harshen gida, shi kuma ya juya shi zuwa Turancin da ofisoshi ke karɓa. Su bakwai ne masu tafireta a jere, amma in aka ce ka je wurin Kwana Uku, ko ɗan dako ka tambaya zai nuna maka tebur na huɗu.

Kafin in faɗi inda sunan ya samo asali sai na faɗi ciwon Baba, wato kalma. Ban taɓa ganin mutumin da zai bar abinci ya huce a gabansa saboda ƙamus ba sai shi. Ƙamus ɗin ma bangonsa ya daɗe da tafiya, da baƙin salatif aka ɗaure masa ƙugu. Mu biyu ne 'ya'yansa, ni auta mace da Yaya namiji, shekara huɗu tsakaninmu, kuma mu ne ɗalibansa na dole. Ana zuba abinci zai buɗe littafin nan a gwiwa, Umma ta ce, "Malam, don Allah ka bar yara su haɗiye loma ɗaya ba da Turanci ba." Ya ce, "Yanzu, yanzu," ya ci gaba da abinsa.

Waɗanda ya fi damun mu da su kuwa su ne kalmomin ƙin abu. Cewa yake Bature bai yarda ya ce "ba na so" da baki ɗaya ba, sai da ya ƙera wa kowane irin ƙi kalmarsa, kuma mai buga takardar da bai san bambancinsu ba zai iya rushe gida da yatsa biyu. Don kar mu manta ya raɗa musu sunaye, kuma da su zan kawo su a nan, domin har yau da sunayen nake tunaninsu. Akwai Mai Uzuri, wadda ake ƙin gayyata da ita, kana ƙi kana godiya. Akwai Mai Musu, ta wanda aka ɗora wa laifi ya ce sam bai yi ba. Akwai Mai Mayarwa: an kawo maka kaya ko takardar neman aiki, ka duba bai yi maka ba, ka tura shi inda ya fito. Baba ya ce wannan ba ta yi wa mai faɗarta zafi ko kaɗan, tunda abin da ma ba nasa ba ne. Akwai Mai Wanke Hannu, wadda mutum zai ce duk abin da wane ya aikata kada a zo ƙofata, iyakarta ke nan, ba ta taɓa dangantaka. Ta ƙarshen ita ce Reza. Ita ba ya karanta ta da ƙarfi, yatsa kawai yake ɗorawa a kan layin.

"Wannan ita kaɗai ce ke ɗaukar abin da yake naka tun daga jini ta ce ba naka ba ne," in ji shi. "Sauran duk rufe ƙofa suke yi. Ita da bulo take toshewa."

To, masu neman Reza ba sa yankewa a barandar. A wata sai a samu biyu ko uku, kusan dukansu iyaye maza, ido jajur. Yaro ya ɗaga wa uba hannu, yaro ya watsar da karatu ya bi 'yan kiɗa, yaro ya sayar da keken ɗinkin uwarsa. "Rubuta a kai jarida, duniya ta sani, daga yau wane ba ɗana ba ne." Baba ba ya wa'azi. Ya san wanda zuciya ta ɗebo, in ka ce masa ya yi haƙuri teburin gaba zai koma. Sai ya zura takarda ya hau bugu da ƙarfi, har inji na tsalle, mai fushi ya ji an taya shi faɗa. In ya gama ya zare ta, ya jawo durowar ƙasa ta hannun hagu, ya saka, ya murɗa makulli.

"Irin wannan sai ta kwana uku kafin ta fita. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar wa?"

"Ta aiki."

Daga can Mai Hatimi zai ɗago kai ya ce, "Gaskiya ya gaya maka, ko ni ba na taɓa ta da hatimi sai ta cika kwanakinta." Babu irin wannan ƙa'ida a ko'ina, su biyun suka ƙirƙire ta, amma sun faɗe ta har ta zauna, har 'yan sandan ƙofar kotu sun ɗauka doka ce.

Mafi yawansu ba sa dawowa. Wasu kan dawo a rana ta biyu, su ɗosana a bakin benci suna sosa ƙeya, su fara tambayar lafiyar inji. Baba ya buɗe durowa ya miƙa takarda, ya sunkuyar da kai kamar yana gyaran zaren tawada, ba zai ɗago ba sai ya ji an gama yagawa an tafi. Bai taɓa tambayar kowa me ya canza ba.

Saura waɗanda kan dawo rana ta huɗu da fushinsu yadda yake. A nan ne Baba yake abin da Mai Hatimi kaɗai ya sani. Sai ya ce takardar ta yi datti, bari ya sake bugawa, ya cire Reza ya sa Mai Wanke Hannu, sannan ya karanta wa mai ita da harshen gida, da kakkausar murya, yadda yake so ya ji. Mutumin ya dangwala yatsa ya tafi yana huci, shi a ganinsa ya datse ɗa, alhali a jarida cewa kawai ya yi ba ruwansa da abin da yaron zai jawo. Ba zan yi wa Baba kwaskwarima ba, ƙarya ce, kuma mutanen da ba su iya karatu ba ya yi wa ita. Amma na san gida huɗu da ɗan ya dawo daga baya ya yi jinyar ubansa, kuma da 'yan'uwa suka zaro tsohuwar jarida don su kore shi, aka karanta aka ga babu abin kora a ciki.

Yaya ya gaji Turancin Baba, ya gaji taurin kansa, bai gaji lanƙwasar ba. Mutum ne da in ka tambaye shi ko rigarka ta yi kyau sai ya duba da gaske kafin ya amsa. Yana da shekara ashirin da uku aka sa masa tebur kusa da na Baba, bai yi wata guda ba ya gano sirrin. Daga nan cin abinci a gidanmu ya koma zaman kotu.

"Baba, amanar bakinsa mutumin nan ya ba ka."

"Na riƙe masa amanar gidansa."

"Ba ita ya ba ka ba."

"In ka haifa ka gane."

Umma ta ce, "Kai ɗaya aka raba muku biyu, ku ci ku ba ni kwanona." Ni kuwa dariya nake, don na ɗauka gardamar masu ilimi ce, irin wadda ke ƙarewa in an kwashe kwanuka.

Ranar da abin ya faru ba na wurin. Mai Hatimi ne ya ba ni labari, bayan shekaru Baba da bakinsa ya cike min inda ya tsallake. Akwai wani mai manyan motoci da Baba ya yi wa irin wannan musanya shekara biyu baya. Ɗan nasa ya dawo yana cewa har yanzu shi ɗan gida ne, lauya ya duba masa jarida ya ce babu inda aka cire shi. Sai ga mai motoci da hantsi, guntun jarida a hannu, Baba kuma ya tafi sayen zaren tawada. Ya tarar da Yaya. Ya ce, "Kai, karanta min wannan, kalma da kalma." Yaya ya karanta masa kalma da kalma.

Baba na dawowa mutumin ya kifar da teburin. Tafireta ta daki siminti, hannun harafi ɗaya ya lanƙwashe. Ya kira shi maha'inci, ya kira shi ɓarawon magana, har ma'aikatan kotu suka firfito kallo. Baba, mutumin da ko ɗan sanda sai ya rusuna yake gaishe shi, ya tsaya hula a hannu yana cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, wataƙila kuskuren fassara ne." Mai motoci ya juya wurin Yaya. "Kai ɗansa ne, ka faɗa tsakaninka da Allah, kuskure ne?"

Da shiru ya yi ma ya wadatar. Yaya ya ce, "Ba kuskure ba ne. Haka yake yi wa kowa. Na sha gaya masa ya daina."

Mai Hatimi ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta mutu yana tsaye ba sai ranar. Da taron ya watse Baba ya ɗaga tebur, ya ɗora inji, ya miƙar da hannun harafin da yatsunsa, ya zura takarda. Layi huɗu ya buga, a hankali, ba irin bugun da yake yi wa masu fushi ba. Mai Hatimi ya leƙa ya gani, ya riƙe masa hannun riga.

"Kwana Uku, sa ta a durowa."

"Sakar min riga."

"Don girman Allah, ko zuwa gobe ne."

"Na ce ka sakar min riga."

Da ƙafarsa ya taka zuwa ofishin jarida, layi biyu daga kotu, ya miƙa kafin su rufe karɓar sanarwa.

Yaya bai kwana gida ba ranar. Washegari, bayan Baba ya fita, ya shigo da jarida a naɗe. Ya haɗa takardun makarantarsa da riguna biyu a jaka. Umma ta riƙe jakar da hannu biyu tana cewa, "Fushi ne, babanka ne fa, ka san halinsa, kafin jibi ya huce." Ya buɗe jaridar ya miƙo min, ya ce, "Auta, karanta." Na duba. Ga sunansa, ga sunan Baba, ga Reza a tsakaninsu.

"Da wani uban ne da bai san Turanci ba, Umma, da na ce fushi ne," in ji Yaya. "Shi ya san kalmomin duka, shi ya koya min. Ga Mai Wanke Hannu a bakin yatsarsa, ga durowa a gefen gwiwarsa. Mutanen titi yana ba su kwana uku. Ni ko awa uku bai ba ni ba."

Ya ɓamɓare yatsun Umma daga jakar ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kar ya ji mata ciwo, ya durƙusa ya nemi gafararta, ya fita. Na bi shi har bakin titi ina kira, ya shiga motar haya bai waiwayo ba.

Abin takaici, ƙa'idar Baba gaskiya ce. Kwana biyu bai tambayi kowa ina Yaya yake ba, a na uku cif ya huce. Ya dawo daga baranda da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a ƙofar ɗakin Yaya ya ga ƙusar da ake rataye jaka babu komai a kanta. Nan ya zauna a ƙasa. Da yamma ya ɗauko ƙamus yana neman kalmar janyewa, ya samu har uku, ya rufe littafin ya ce min, "Duk magana suke janyewa, Auta. Babu wadda ke dawo da mutum." Duk da haka ya buga sanarwar janyewa ya kai jarida. Shekara na zagayowa ya sake kaiwa. Sau goma sha tara ya kai, har jaridar ta durƙushe aka mayar da ofishinta shagon tayoyi. Mun yi cigiya wurin abokai, wurin direbobi, wurin dangin Umma, babu wanda ya kawo abin kamawa.

Mun ɗauka bayan tonon asirin nan babu uban da zai sake zama a bencinsa. Na ɗan lokaci haka aka yi. Sai matan gari suka ji labari, suka riƙa turo mazajensu da gangan: "In dai takardar za ka yi, je wurin na tebur na huɗu, shi ya fi iya Turanci." Ina zargin wasu mazan ma sun sani sarai, so suke su yi ruri a gaban jama'a wani ya riƙe musu hannu. Sai dai Baba ya daina musanya kalma. Wanda ya dawo rana ta huɗu, sai ya ce masa, "Ni na taɓa buga wa kaina ita. Zauna in gaya maka yadda take." Kaɗan ne ke tashi da takardar bayan sun ji.

Umma ba ta taɓa yi masa gori ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta dai daina cewa ya rufe ƙamus a ci abinci, shi ma bai sake buɗe shi a kan abinci ba. Shekara goma sha ɗaya tana wanke zanin gadon Yaya duk wata tana mayarwa. Da ciwon ajali ya kwantar da ita ta sa aka juya mata gado ya kalli ƙofa, a haka ta cika. Ni kuwa shekara goman farko haushin Baba na fi ji, sauran kuma na Yaya. Uwarka me ta buga a jarida? Na yi masa tambayar nan a zuciyata ya fi a ƙirga, ina wanke-wanke, ina goyo, ina kan layin asibiti.

Da 'ya'yana suka tasa na karɓi teburin Yaya, da ma yana nan an kife kujera a kansa. Daga baya na sayi kwamfuta da injin fitar da takarda, sauran masu tafireta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Idon Baba ya fara dishi-dishi, aka yi masa aiki bai yi ba, ya rufe gaba ɗaya. Bai fasa zuwa baranda ba. Yana zaune a kujerarsa da sanda tsakanin gwiwoyi, mutum na yi min bayani yana saurare, in na zaɓi kalma ya ce, "A'a, ta yi nauyi, sauko da ita." Makullin durowa na rataye a wuyansa da igiyar takalmi.

A shekara ta ashirin da shida wata mata ta kawo takardar da aka fassara mata a kotun wani gari mai nisan yini guda a mota, tana son kwafi. A ƙasa akwai hatimin tafinta da sa hannunsa. Hannun na fara ganewa kafin sunan. Sunan Yaya ne, shi kaɗai, ya cire na Baba daga bayansa. Na tambayi matar, ta ce ai kowa ya san shi, tafintan da alƙalai ke rububinsa saboda ba ya ƙari ba ya ragi, ko da uwarsa ce a gaban kotu. Na ce lallai shi ne. Kwana biyu ina juya maganar kafin na gaya wa Baba.

Sai ya ce, "A ɗauko min inji." Mai Hatimi, wanda shi ma tsufa ya rankwafar, ya kwance bargon da kansa. Baba ya shafa maɓallan, yatsunsa suka gane gidajensu. Ya fara da Turanci, ya zare ya yaga. Ya sake, ya yaga. Ta uku ya buga da harshen gida, abin da ban taɓa ganin ya yi a injin nan ba: "Shekara ashirin da shida ina neman kalmar ban samu ba. Ni ne babanka. Na yi kuskure. Ka zo." Harafin nan da ya lanƙwashe tun ranar yana ɗan haurawa sama duk inda ya fito. Na sa a ambulan na aika kotun.

Bayan sati biyar sai ga amsa, ana tsakiyar aiki. A bayan ambulan an rubuta, Mai buga takardu, tebur na huɗu, barandar kotu. Baba ya ji ƙarar yagewar ambulan ya gyara zama.

"Ita ce?"

"Ita ce, Baba."

"Da wane harshe?"

"Turanci."

"To karanta da Turancin, yadda take."

Layi biyu ne. Na farko ya ce an karɓi takardarka. Na biyu ya ce ya ƙi ta, kuma da Mai Mayarwa ya ƙi ta, kalmar kayan da aka kawo maka daga waje, wanda da ma ba naka ba. Na kalli tsohon nan, ya karkato kunne, bakinsa a ɗan buɗe. Na karanta layin farko. A na biyu na sa Mai Uzuri, na ƙara da kalmar "a yanzu".

Ya ce in sake. Na sake.

Sai ya yi murmushi, murmushin da har yau na fi son in manta da shi. "Kin ja numfashi kafin kalmar. Ni ma a nan nake jan nawa." Ya laluba ya kama hannuna. "Kin iya aikin, Auta, amma yayanki bai taɓa ba kowa uzuri ba. Mai Mayarwa ce ko?"

Kuka ya ƙwace min a gaban mutum biyu da ke kan benci. Na ce ita ce.

"Ya zaɓa daidai," in ji Baba. "Ni na koya masa. Ba ni nan."

Na ɗauka yaga ta zai yi. Sai ya ninke ta biyu, ya zaro makulli daga wuyansa, ya laluba durowar ƙasa ta hagu, ya saka ya kulle.

"Cikin fushi aka buga ta. Ba ta fito ba tukuna, ni ban ji komai ba. A ba ta kwana uku."

Kwana ukun nan da sassafe yake sa ni in kai shi baranda, da rigarsa mai kyau. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ya juya kai. Rana ta huɗu na ce, "Baba, sun cika." Ya ce, "Hanya da nisa, kuma ma'aikaci ne, sai ya nemi izini. A ƙara masa." Haka muka yi ta ƙari. Na so in shiga mota in je in tsaya a gaban Yaya in wanke shi tas, Baba ya hana. Ya ce mai takarda da ƙafarsa yake dawowa, in aka je aka jawo shi ba zai yaga ba. Wata bakwai muka yi a haka, jikinsa na zubewa, har ta kai sai an ɗauko shi a mota an zaunar.

Ana saura kwana biyu ya rasu ya cire igiyar daga wuyansa ya sa min a tafin hannu. "In ya zo karɓa, kar ki tambaye shi komai. Kar ki yi masa faɗa, na san bakinki. Ki yi kamar kina gyaran inji." Da safe ya cika, bayan ya sha rabin kofin shayi ya ce ya ishe shi.

Layi ɗaya na aika wa Yaya, ban tsaya zaɓen kalma ba. Bai zo jana'iza ba. Na ce shi ke nan, ni ma na gama da shi.

Bayan sati uku, ina buga wa wani takardar canjin suna, na ga mutum ya zauna a ƙarshen benci, furfura ta cinye masa kai, ya haɗa hannu a kan gwiwa irin zaman Baba sak. Bai tsallake layi ba, ya jira har na sallami mutum biyu. Mai Hatimi ya ɗago ya dube shi, ya ajiye wuƙar sassaƙarsa, ya shige cikin shago ya ja ƙofa.

"Auta."

"Yaya."

Maganganun da na shekara ashirin da shida ina wasawa duk suka zo min baki. Na tuna na yi alkawari, na haɗiye su da ƙyar. Yana kallon kujerar Baba, wadda ban ɗauke ba, sandar ma tana jingine a jikinta.

"Takardata ta iso?"

"Ta iso."

"Ya ji abin da ke ciki?"

"Ya ce ba ta fito ba tukuna."

Bai gane ba sai da ya ga na zaro igiyar takalmin daga wuyana na durƙusa gaban durowar ƙasa ta hagu. Na jawo ta. Takardarsa na sama a ninke, a ƙarƙashinta guntayen jarida goma sha tara da aka soke da allura, duk sun yi ja. Na bar durowar a buɗe, na juya masa baya, na buɗe cikin injin fitar da takarda wanda lafiyarsa ƙalau, na hau taɓe-taɓe.

Ya daɗe yana karanta guntayen, ina jin yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Can na ji an yaga takarda, aka sake yagawa, aka sake, har ta kai ba ta yaguwa. Sai na ji ya ce, "Baba," ƙasa-ƙasa, da muryar da na sani tun muna cin abinci a gaban ƙamus. Ya sake faɗa. Hawaye na zuba min a cikin inji, amma ban juyo ba, don haka Baba ya ce in yi.